Ginin bene da ran lebura: wa ke da alhakin tsaron lafiya a shantiye?

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta samu mulkin kai, mutanen Yamai ba su wuce wajen dubu 30 ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta tarar da fiye da mutum miliyan 1 cikin birnin. Bayan samun mulkin kai an gina gadar Kennedy a 1970, an gina otal ɗin Gaweye da manyan ofisoshin gwamnati da kuɗin yuraniyom, an sake gina babbar kasuwa bayan gobarar 1982, an ƙara gada ta biyu a 2011 da ta ukku a 2021. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi ya kai manyan ayyuka Dosso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017 da Damagaram a 2018. Ban da ayyukan hukuma, babu unguwar da ba a ganin ɗan kasuwa ko ma'aikaci yana ɗora bene bisa gidansa.

Duk wannan gini hannun mutane ne ya yi shi: maso da kafinta, mai ɗaurin ƙarfe da mai walda, da lebura mai kwaɓa siminti yana hawa da shi bisa kai. Da yawa cikin leburorin nan ƴan cin rani ne, sun baro ƙauye bayan girbi, za su koma in ruwa ya sauka. In ɗayansu ya faɗo daga bene, asarar ba ta tsayawa ga shantiye. Gona ce za ta kwana babu noma, iyali ne za su rasa mai ciyar da su.

Aikin gini yana cikin ayyukan da suka fi kisa a duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai mazauni a Janeba, ta ƙiyasta a 2005 cewa aƙalla mutum dubu 60 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini, wato mutum guda cikin kowane minti 10. In an ji labarin irin wannan mutuwa, abin da aka saba cewa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma malamai da kansu suna koyar da cewa dogara ga Allah ba ta hana mutum ɗaukar mataki. In aka bi sawun haɗari kuma, mafi yawa za a tarar an shuka shi tun kafin ranar: wani ya sayi ruɓaɓɓen katako, wani ya gaggauta aiki, wani ya ga ɓarna ya yi shiru don ba shi aka ɗora ma kula ba.

Jiya da yau

Ginin ƙasar Hausa na dā yana da shugaba sananne. A Damagaram da sauran manyan birane akwai Sarkin Magina, shi ne uban sana'a, gare shi ake kai ƙara in gini ya ɓaci. Yaro yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa, yana miƙa tubali, kafin a bar shi ya hau bango. Maigidansa ya san shi, ya san ubansa, ya san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Irin wannan sana'a ce ta haifi masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma ginawa da ƙasa a 1962, har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ginin ƙasa ma yana da nasa haɗari, amma ana ɗaga bango kaɗan-kaɗan, ana jira ya sha iska, kuma kowa ya san wanda za a tambaya.

Ginin siminti ya zo da nauyi, da tsawo, da gaggawa, ya kuma zo da dogon jeri na masu hannu a ciki. Mai gini ya ba babban ɗan kwangila, shi kuma ya yanka aikin ya raba ma ƙananan ƴan kwangila, ƙaramin ya samo shugaban maso, shugaban maso ya tafi bakin titi da safe ya ɗebo leburori na yini guda. Kowane mataki ana rage kuɗi, kuma abin da ake fara yankewa shi ne katakon kariya, da hular kwano, da takalmi. In abu ya faru, kowa sai ya nuna na ƙasa da shi, har a iso ga wanda ya ji ciwo a ce shi ne bai kula ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke cikin aikin gini na yau ita ce rashin sanin mai alhaki.

Inda mutuwa take fakewa

Faɗowa daga sama ita ce ta fi cin rai. Mutumin da ya zame daga tsawon mita 5, cikin sakan guda yake isa ƙasa, da gudun da ya kai kilomita 36 a awa. Babu zafin naman da zai cece shi. Maganin abin sananne ne, ba kuma mai tsada ba ne. Duk bakin bene, da bakin matakala, da dandamalin da magina ke hawa, a kafa masu shinge mai tsawon wajen mita 1, da sanda ta biyu a tsakiya, da faifan katako a ƙasa don kada bulo ko guduma ta gangaro bisa kan na ƙasa. Ramin da aka bari cikin dal a rufe shi da katako mai ƙarfi a buga masa ƙusa. Dandamali ya tsaya bisa ƙasa mai tauri, a ɗaure shi ga gini. Ganga da bulo da aka jera ba dandamali ba ne. Tsani kuwa, in zai hau mita 4, a janye ƙafarsa mita 1 daga bango, kansa ya zarce wurin sauka da mita 1, a ɗaure shi.

Na biyu shi ne rushewar gini tun ana cikin aiki. Kankare, wanda magina ke ce ma beto, mita guda mai fuska shida yana da nauyin wajen tan 2 da rabi. Dal mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, kaurin santimita 15, ya kai tan 36. Ranar zubawa duk wannan nauyi bisa sandunan tokara yake, ga kuma mutanen da ke kai da kawowa a sama. Beto ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, shi ya sa masu sana'a ke barin sandunan nan wajen mako ukku. Wanda ya cire su bayan mako guda don ya kai su wani shantiye, ko ya rage siminti, ko ya rage ƙarfe, ko ya ƙara bene bisa tushen da ba a yi don haka ba, ya ɗana ma mutane tarko. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta birnin Legas ya rufta, ya kashe fiye da mutum 40, galibinsu ma'aikata. A watan Mayu 2024 wani ginin ya rufta a garin George na Afirka ta Kudu, ma'aikata 34 suka rasu.

Na ukku shi ne rami: tushen gini, ramin salga, lambatu, hanyar bututun ruwa. Ƙasar Yamai da Maraɗi da Damagaram a wurare da dama rairayi ce, ba ta ba da sanarwa kafin ta rufta. Mita guda na ƙasa ya kai tan 1 da rabi. Ko ƙirji kawai ta danne, mutum ba ya iya numfashi. Ƙa'idar da ake bi a Faransa, wadda injiniyoyi da yawa na nan suka koya, ita ce ramin da ya wuce zurfin mita 1 da santimita 30 mai miƙaƙƙen bango a tokare shi da katako, ko a kwantar da bakinsa. Ƙasar da aka haƙo a zuba ta nesa da baki, kada mota ta matso, a sa tsani a ciki, a sake duba ramin bayan kowane ruwan sama. Kada a bar mutum shi kaɗai cikin rami.

Na huɗu wuta ce da injuna. Ƙarfen gini yana zuwa da tsawon mita 12. Mai ɗaga shi bisa bene kusa da wayar NIGELEC ba sai ya taɓa ta ba, in babbar waya ce wutar tana tsallakowa. Ana barin tazarar aƙalla mita 3, ga manyan wayoyi kuma mita 5, in hakan ba ta yiwuwa a nemi kamfanin ya yanke wuta kafin a fara. Wayar da aka soka cikin soket babu kai, ko wadda ke kwance cikin ruwan kwaɓi, ta isa ta kashe mutum. Injin ɗaga kaya shi ma yana da iyakar nauyi da iyakar iska. Ranar 11 ga Satumba 2015 guguwa ta kayar da wani babban injin ɗaga kaya cikin Masallacin Harami na Makka, fiye da mutum 100 suka rasu, bincike kuma ya nuna ba a ajiye hannun injin yadda ya kamata ba.

Cutar da ba ta ihu

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani ranar da ta shiga. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su, ba haɗari ba.

Ɗanyen siminti yana cin fata kamar toka mai kaifi. Lebura mai tattaka kwaɓi da silifa, ko mai shafe da hannu tsirara, yakan ƙare da tsagewar fata da gyambon da ba ya warkewa. Ƙurar yashi da dutse da ke tashi in ana yankan bulo ko tayil tana zama cikin huhu, ta taurara shi a hankali. Likitoci suna ce ma wannan cuta silikoz. Ba ta da magani, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Zuba ruwa bisa abin da ake yanka yana kwantar da ƙurar. Ƙusa mai tsatsa da aka bari tsaye cikin katako tana iya kawo tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi, alhali allurar rigakafinsa tana nan gidan likita. Hasken walda yana ƙona ido, ƙarar injin yana kurumta kunne, buhun siminti mai kilo 50 da ake hawa bene da shi safe da marece yana karya baya tun mutum bai tsufa ba.

Sai zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a yawancin garuruwan Nijar, kuma lokacin ne aka fi gini. Mai aiki cikin irin wannan rana yana bukatar shan ruwa kofi guda kowane minti 15 zuwa 20, ko bai ji ƙishirwa ba, da inuwar hutawa. Ƙasar Katar ta kafa doka a 2021 wadda ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Shugaban shantiye a Tawa ko Maraɗi ba ya bukatar jiran doka kafin ya sa a yi zubin beto da sassafe, a bar tsakar rana ga aikin inuwa. Wasu leburori suna shan ƙwayar tramol don su jure gajiya. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, tana kuma kawo jiri da farfaɗiya. Wanda ya sha ta bai kamata ya hau sama ba.

Abin da doka ta ce

Nijar ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961, a 2009 kuma ta amince da yarjejeniyoyinta masu lamba 155, 161 da 187 kan tsaro da lafiya a wurin aiki. A 2022 ƙungiyar ta sa wurin aiki mai tsaro cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, daidai da hana bauta da hana aikin yara. Tana kuma da yarjejeniya ta musamman kan gini, mai lamba 167, ta shekarar 1988. Wannan yarjejeniya ta amsa tambayar alhaki kai tsaye: in masu aiki biyu ko fiye suna aiki a shantiye guda, babban ɗan kwangila ne zai haɗa kan matakan tsaro. Ta ce mai zana gini ya yi la'akari da lafiyar masu gina shi tun a takarda. Kayan kariya mai aiki ne zai ba da su, ba a cire kuɗinsu daga ladan ma'aikaci. Ma'aikacin da ya ga mummunan haɗari na tafe yana da ikon janye jikinsa ya sanar da shugabansa.

A cikin gida, kundin dokokin aiki na 25 ga Satumba 2012 ya ɗora ma mai aiki nauyin ɗaukar duk matakan da za su kare rai da lafiyar ma'aikatansa, da koya ma sabon ɗauka haɗarin aikin da zai yi. Ma'aikatar da ke da mutum 10 ko fiye wajibi ne ta kafa kwamitin tsaro da lafiya. Kundin bai manta da ƙananan ƴan kwangila ba: in ƙaramin ya kasa sauke haƙƙin ma'aikatan da suka yi aiki a shantiyen babba, babban ne zai ɗauka. Sufetocin aiki suna da ikon shiga shantiye su duba.

Asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda aka kafa a 1965, shi ke biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a. Kuɗin wannan reshe mai aiki ne kaɗai ke zuba su. In haɗari ya auku, wajibi ne mai aiki ya kai rahoto cikin awa 48. In ya ƙi, wanda ya ji ciwo ko iyalinsa suna iya kai wa da kansu. Asusun yana biyan magani, da kuɗin kwanakin jinya, da fansho ga wanda ya naƙasa, da rabon matar mamaci da marayunsa. Har haɗarin da ya samu mutum bisa hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Matsalar ita ce mafi yawan leburorin yini ba a rubuta sunansu ko'ina ba. In ɗayansu ya karye, sai maigida ya miƙa ƴan jikkuna, a kai shi wurin mai ɗori, a sa shi mota zuwa ƙauye, magana ta ƙare. Haɗarin da ba a rubuta ba, hukuma ba ta san da shi ba, balle ta hana irinsa gobe.

Tsarin shantiye mai lafiya

Kula da tsaro aiki ne da ake tsarawa kamar yadda ake lissafin siminti da ƙarfe. Kafin a fara haƙa, mai gini da ɗan kwangila da injiniya su zauna su bi aikin mataki-mataki: ina za a iya faɗowa, ina waya ta ratsa, ina ƙasa ke da laushi, ta ina mota za ta shiga, ina makwabta da yara ke wucewa. Kowane haɗari a fara neman kawar da shi gaba ɗaya. In bai yiwu ba a yi kariyar da ta shafi kowa, kamar shinge da tokara. Hular kwano da takalmi da safar hannu da tabarau su ne na ƙarshe. Hula ba ta hana mutum faɗowa, shinge ne ke hanawa.

Sannan a naɗa mutum guda, a faɗi sunansa gaban kowa, a ba shi ikon tsayar da aiki. Kowace safiya ya zagaya ya duba dandamali da tsani da rami da wayoyi, ya tara ma'aikata na minti 10 ya gaya masu aikin ranar da haɗarinsa cikin harshen da suke ji, Hausa ko Zabarmanci, don allon da aka rubuta da Faransanci ba ya tsare wanda bai karanta shi. Sabon zuwa, wanda jiya yake riƙe da hauya, kada a tura shi bene ranar farko. Yara ƙanana ba su da wuri a shantiye, ko masu aiki ko masu talla. A kewaye wurin, a share hanyoyi, a lanƙwashe ƙusoshi, a ajiye randar ruwan sha, da makewayi, da akwatin magani.

A kuma san abin yi in abu ya faru. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a cusa cikin a-daidaita ko bisa babur. A bar shi kwance, a riƙe kansa, a kira ƴan pompiye ta lamba 18. Wanda wuta ta kama, a yanke wutar tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace. Siminti in ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 kafin a tafi likita. Wanda zafi ya buge har ya rikice, a kai shi inuwa, a kwance masa tufafi, a zuba masa ruwa, a gaggauta kai shi asibiti.

Kowa da nasa rabo

Gwamnati da ƙananan hukumomi suna cikin manyan masu ba da aikin gini: makarantu, gidajen likita, kasuwanni, hanyoyi. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangila yana iya ware layi na musamman na kuɗin tsaro, ya nemi shaidar rajistar ma'aikata a CNSS kafin a biya kowane kaso. Ofishin magajin gari mai ba da izinin gini yana iya leƙawa ya ga ko abin da ake ginawa shi ne abin da aka zana. Mai gina gidansa ya tuna cewa araha ba ta ado, kuma wanda ya fi kowa sauƙin farashi sau da yawa daga jikin lebura ya rage.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma suna da babban aiki. A kowane rukunin leburori, wanda ya iya rubutu yana iya riƙe ɗan littafi: sunan kowa, garinsa, ranar da ya fara, wanda ya ɗauke shi, abin da ya same shi da ranar da ya same shi. Wannan littafi shi ne shaida gaban sufeton aiki da gaban asusu ranar da maigida ya ce bai san mutum ba.

Kowace shekara ana tuna tsaron ma'aikata ranar 28 ga Afirilu a duniya baki ɗaya, ana jawabai, ana raba huluna. Amma shantiye kullum yake buɗewa. Ginin da ya tashi da kyau shi ne wanda aka san mai alhakinsa tun daga tushe, aka rubuta sunan duk wanda ya ɗauki bulo a cikinsa, kuma ranar da aka miƙa mabuɗi aka ƙirga ma'aikata aka tarar sun cika, kowa ya koma gonarsa da ƙafafunsa.